Manhajar Wiki: Wa Ya Kamata A Ɗinka Wa Rigar?

Akwai wata muhawara da ta daɗe tana kai-komo a tsakanin masu ƙera manhajojin kwamfuta, wadda a ganina bai kamata mu bar musu ita su kaɗai ba, domin idan sun gama yanke shawararsu mu ne za mu zauna da sakamakon a ofisoshinmu da makarantunmu da asibitocinmu. Muhawarar kuwa ita ce: idan mutum ko kamfani ya tashi ƙera manhajar wiki, shin ya dace ya sa ayarin masu rubuta manhaja a gaba, ya ɗinka ta daidai jikinsu, ko kuwa ya nufi sauran ma'aikata? Ni ba injiniya ba ne, malamin kimiyyar harshe ne. Amma wiki wurin rubutu ne, kuma duk inda aka ce mutane da yawa za su taru su yi rubutu ɗaya, to batun da wane harshe za a yi shi, da wa zai gane, da wa za a bari a baya, ya shigo gonarmu.

Ga wanda bai saba da kalmar ba, wiki manhaja ce da ke bai wa jama'a damar rubuta shafuka tare, kowa ya gyara abin da ɗan'uwansa ya rubuta, ita kuma ta riƙa adana tarihin kowane gyara: wa ya yi, yaushe ya yi, me ya cire, me ya ƙara. Idan wani ya ɓata, sai a dawo da na jiya. Wikipedia ita ce misalin da kowa ya sani, amma ba ita ce farau ba, kuma akwai wiki masu ɗimbin yawa a cikin kamfanoni da ma'aikatu waɗanda ba mai ganinsu sai ma'aikatan wurin. A kan irin waɗannan ne takaddamar ta fi zafi, domin a nan kuɗin yake.

Wani Ba'amurke mai suna Ward Cunningham ne ya buɗe wiki na farko a ranar 25 ga Maris, 1995, daga birnin Portland na jihar Oregon. Sunan ya samo shi ne daga wata motar jigilar fasinja da ke filin jirgin saman Honolulu, wadda ake kira Wiki Wiki. A harshen mutanen Hawai kalmar wiki tana nufin sauri, su kuma sukan ninka ta don ƙarfafawa, kamar dai yadda Bahaushe ke cewa maza, sannan ya ce maza-maza. A 2007 babban ƙamusun Oxford ya karɓi kalmar a matsayin ta Ingilishi. Abin da ya fi shafar batunmu shi ne dalilin da ya sa Cunningham ya ƙera shi. Ya yi shi ne domin abokan sana'arsa, masu rubuta manhaja, su tattara dabarun tsara manhaja da kowa ke ta maimaitawa a aikinsa, su sa musu suna, su yi gardama a kansu. Ke nan a gidan masu rubuta manhaja aka haifi wiki, a nan aka yanke masa cibi.

Saboda haka masu cewa a nufi wannan rukuni ba shaci-faɗi suke yi ba, kuma ya kamata a saurari hujjarsu yadda take. Suna cewa mai rubuta manhaja ba ya tsoron alamomi da taurari da baka a cikin rubutu, domin da su yake kwana da su yake tashi. Suna cewa shi ne ma'aikaci ɗaya tilo a yawancin kamfanoni da ke iya ɗauko sabuwar manhaja ya girka ta da kansa ba tare da ya jira kwamitin sayen kaya ba, kuma idan ta yi masa daɗi shi zai yi mata talla a wajen abokansa kyauta. Sannan ilmin da yake aiki da shi yana sauyawa kusan kowane mako, irin ilmin da littafi bugagge ba zai iya bi ba. Sukan kawo misalin Trac, wadda ta fito a 2004 ta haɗa wiki da rajistar kura-kuran manhaja da ma'ajiyar rubutun manhajar a wuri guda, ta yadda idan ka rubuta lambar wani ƙorafi a cikin shafi nan take za ta zama mahaɗi da zai kai ka ga ƙorafin. Babban misalinsu kuwa shi ne kamfanin Atlassian, wanda wasu matasa biyu, Mike Cannon-Brookes da Scott Farquhar, suka kafa a birnin Sidni na Ostireliya a 2002 da bashin dala 10,000 na katin banki. Sun fara da Jira, manhajar bibiyar kura-kurai da ayyuka, suka biyo da wikinsu mai suna Confluence a 2004, kuma zuwa 2015 kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari ta Nasdaq a Amurka.

Sukan kuma nuna kaburburan waɗanda suka bi ɗaya hanyar. JotSpot, wanda ya yi ƙoƙarin sauƙaƙa wiki ga ma'aikacin ofis, Google ya saye shi a 2006, ya narkar da shi ya fito da Google Sites a 2008. Wikispaces, wanda malaman makaranta suka runguma, an sayar da shi a 2014, aka sanar da rufe shi a 2018, malamai suka shiga kwashe darussan da suka tara shekara da shekaru. Wannan duk gaskiya ne.

Duk da haka, a tawa fahimtar, wanda ya ƙera wiki a yau ya ɗinka shi daidai jikin masu rubuta manhaja ya yi kuskure, kuma tarihin wikin kansa ne shaidata.

Mu fara da abin da nake kira rubutun tozon raƙumi. A wikin Cunningham, idan kana son kalma ta zama mahaɗi zuwa wani shafi, sai ka manne kalmomi biyu ko fiye ba tare da tazara ba, kowace ta fara da babban baƙi, manyan baƙaƙen su yi ta tasowa a tsakiyar kalma kamar tozo. Ga mai rubuta manhaja wannan ba wani abu ba ne, haka ya saba raɗa wa abubuwa suna a cikin aikinsa, kuma dabara ce mai kyau ga mai sauri. To, da aka buɗe Wikipedia a ranar 15 ga Janairu, 2001, a kan wata manhaja mai suna UseModWiki, sai aka gaji wannan ƙa'ida. Nan da nan matsala ta bayyana: yaya za a yi da maudu'in da sunansa kalma ɗaya ce? Sai da aka kai ga rubuta sunan nahiyarmu a matsayin AfricA, da babban baƙi a ƙarshe, don kawai na'ura ta yarda cewa shafi ne. Mai manhajar, Clifford Adams, ya ƙaro wata hanya ta sanya kalma a cikin baka biyu-biyu, kuma da Wikipedia ta koma kan sabuwar manhajarta a 2002, wadda daga baya aka sa wa suna MediaWiki, sai aka yi ban kwana da tozon raƙumi gaba ɗaya.

Mai karatu, ka dubi abin da wannan ƙaramar ƙa'ida ta ɗauka a matsayin tabbas ba tare da ta tambayi kowa ba. Ta ɗauka cewa kowane rubutu yana da babban baƙi da ƙarami. Larabci ba shi da su, haka rubutun Sinanci da Japananci da Hindi da Amharik, haka Ajaminmu. Ko a bokon Hausa ma, ƙa'idar ta asali baƙaƙen Ingilishi 26 kawai ta sani, ba ta san da zaman Ƙ da Ɗ da Ɓ ba, balle kalmar da ke farawa da 'y. Ba wanda ya zauna ya ƙulla wa waɗannan harsuna sharri. Abin da ya faru shi ne an auna rigar a jikin mutum ɗaya, mai rubuta manhaja da ke tunani da Ingilishi, ta kuma yi masa cif. Da Wikipedia ta nace a kan wannan riga, da ba ta kai ga harsuna sama da 300 da take da su a yau ba, har da Hausa.

A kimiyyar harshe mun san cewa kowane rukunin masu sana'a yana da nasa salon magana. Akwai Hausar mahauta, akwai ta maƙera, akwai ta 'yan kasuwar canji da ta direbobi a tasha. Wannan salo yana da amfani biyu a lokaci guda: yana sauƙaƙa aiki a tsakanin 'yan gida, yana kuma tantance baƙo tun daga bakin ƙofa. Alamomin tsara rubutu na wiki irin wannan salo ne. Abin dariya ma shi ne su kansu 'yan gidan ba su daidaita ba. Idan kana son kalma ta fito da kauri, a MediaWiki sai ka kewaye ta da ɗigon sama uku-uku, a tsohon Confluence tauraro ɗaya-ɗaya, a DokuWiki tauraro biyu-biyu. Kowane gida da karin harshensa, kuma kuskuren alama ɗaya yana iya dagula shafi baki ɗaya. Ka ɗauki akanta, ko jami'ar jinya, ko lauyan kamfani, ka ce sai sun koyi wannan kafin su rubuta sakin layi biyu, to ka ce musu ne su yi shiru, cikin ladabi.

An yi yunƙurin haɗa kan waɗannan kare-karen. A wani taron masana wiki da aka yi a ƙasar Denmak a 2006 aka fara tsara harshen alamomi na bai-ɗaya, aka fitar da shi a 2007, aka sa masa suna Creole. Wannan suna ya daɗe yana ba ni sha'awa, domin a iliminmu kiriyol shi ne harshen da ya faro a matsayin harshen cuɗanya, irin Barikancin da sojoji ke yi a bariki ko Turancin buroka, sannan aka haifi 'ya'ya a cikinsa ya zama harshen uwa, kamar Krio a Saliyo. Sharaɗin kiriyol ke nan, ya sami 'ya'ya. Shi kuwa Creole na wiki kwamiti ne ya haife shi, wasu manhajoji suka karɓe shi a matsayin zaɓi, amma bai taɓa samun al'ummar da ta tashi a cikinsa ba. Wanda ya sami 'ya'ya wani ne daban, Markdown, wanda John Gruber ya fitar a 2004 ba tare da wani taro ba, kuma za mu dawo kansa, domin shi ne ya kwashe masu rubuta manhaja daga gidan wiki.

Kafin nan, akwai abin lura a yadda manyan gidajen biyu suka ƙare. Yawan masu gyara Wikipedia ta Ingilishi ya kai ƙololuwa a 2007 sannan ya shiga raguwa, kuma wahalar alamomin nan na daga cikin dalilan da gidauniyar Wikimedia ta duba. A watan Yulin 2013 ta kunna VisualEditor, wanda ke barin mutum ya yi gyara yana ganin shafin yadda zai fito, kamar mai buga wasiƙa. Tsofaffin hannu suka yi ca, wani ɓangare saboda manhajar ta fito da kura-kurai na gaske, kuma zuwa Satumba sai da aka mayar da ita ta ganin dama. Wanda ya san yadda al'umma ke kare karin harshenta ba zai yi mamakin wannan ba. Shi kuwa Atlassian, wanda ake kafa hujja da shi, a 2011 ya fitar da Confluence 4.0 ya cire editan alamomin wiki ɗungurungum, masu amfani da shi da dama suka yi ta ƙorafi, kamfanin bai janye ba. A nan ne nake ganin hujjar masu cewa a nufi masu rubuta manhaja ta juya musu baya. Kamfanin da ya fi kowa cin moriyar wannan rukuni, da ya zo mararraba, sai ya zaɓi sashen kuɗi da na talla da na kula da ma'aikata, ko da 'yan gida za su yi fushi. Ta ƙofar masu rubuta manhaja ya shiga, wannan ba musu, amma Jira ce ta buɗe masa ƙofar, kuma bai tsaya a zaure ba.

Sai babban dalili, wanda ya fi na harshe nauyi: masu rubuta manhaja sun tashi daga gidan. A 2005 Linus Torvalds ya ƙera Git, manhajar da ke adana tarihin kowane canji a rubutun manhaja. A 2008 aka buɗe GitHub a kanta, wanda Microsoft ya saya a 2018 a kan dala biliyan 7.5. Idan ka lura, abin da wiki ke alfahari da shi, wato tarihin gyara da sanin wa ya taɓa me, Git tana yin sa fiye da yadda wiki ke yi. Ta kuma ƙara abin da wiki ba shi da shi: bayani yana zaune a ma'ajiya ɗaya da rubutun manhajar, ana gyara su tare, abokin aiki ya duba su tare kafin a amince. Idan bayanin yana wiki, manhajar tana wani wuri, to ranar da aka canja manhajar aka manta shafin, shafin ya fara ƙarya ke nan, kuma ba mai sani sai wanda ya bi shi ya faɗa rami. Wannan ita ce cutar da ke kashe wikin injiniyoyi, shafuka su yi ta taruwa, rabi sun tsufa, ba wanda ya san wane ne mai rai.

Shi ya sa suka yi ƙaura, kuma ba a ɓoye ba. A 2016 masu kula da ƙwayar Linux suka mayar da tsarin bayanansu kan Sphinx, rubutu zalla da ke zaune tare da manhajar. MDN na Mozilla, wanda yana cikin manyan wuraren da masu gina shafukan intanet ke neman bayani, ya faro ne a matsayin wiki a 2005, ya shekara 15 a haka, sannan a watan Disambar 2020 ya bar tsarin wiki ya koma GitHub, inda kowane gyara sai an duba shi kafin ya shiga. Ga wanda kuma har yanzu yake son wiki, GitHub da GitLab suna ba shi a cikin kunshin kayansu ba tare da ya je neman wata manhaja ba. To ina ribar wanda zai kai kaya kasuwar da ake raba irinsu kyauta, ga mutanen da suka fi kowa iya ƙera nasu idan naka bai yi musu ba? Mu kuma tuna cewa a watan Fabrairun 2001 wasu masana manhaja 17 sun taru a jihar Utah suka fitar da sanarwar nan ta Agile, inda suka fifita manhaja mai aiki a kan tarin takardun bayani, kuma Cunningham da kansa yana cikin waɗanda suka sa hannu. Ba su ce a daina rubutu ba, amma sun faɗi matsayinsa a wajensu.

Za a ce da ni ai ga ArchWiki, wikin masu amfani da Arch Linux, yana nan da ransa, har waɗanda ba sa amfani da Arch ma suna zuwa shan ruwa a can. Haka ne. Amma a duba su wa ke rubuta shi da kuma don wa. Masu amfani da manhajar ne ke rubuta wa junansu yadda suka warware matsala a kan kwamfutoci iri-iri. Ilmi ne da ke warwatse a hannun jama'a da yawa, ba wanda ya mallake shi, ba kuma ma'ajiya ɗaya da za a ce a ajiye shi a gefenta. A irin wannan wuri wiki ke bunƙasa.

Wannan ya kawo mu ga inda nake ganin ya kamata mai ƙera wiki ya kafa rumfarsa. Ilmin da ke kewaye da kowace manhaja iri biyu ne. Akwai ilmin yadda take aiki, wannan na injiniya ne, kuma wurinsa yana gefen rubutun manhajar. Akwai kuma ilmin dalilin da ya sa aka yi ta haka, wanda galibinsa ba ya kan injiniya. A ɗauka wani asibiti ya sa an ƙera masa manhajar rajistar marasa lafiya, aka bar gurbin ranar haihuwa ya karɓi shekara kaɗai idan ta kama. Dalilin kuwa ma'aikaciyar ɗakin kati ce ta san shi: dattawa da yawa da ke zuwa daga ƙauye ba su san rana da wata ba, wasu ma shekarar sai an kintata da wani abin tarihi da suka tuna. Bayan shekara biyu wanda ya rubuta manhajar ya sami aiki a wani wuri. Sabon yaro ya zo, ya ga gurbin, ya ɗauka sakaci ne, ya gyara ya tilasta cika rana da wata. Daga ranar ma'aikatan kati za su fara rubuta wa kowane tsoho 1 ga Janairu, kuma duk wani lissafi da za a yi da wannan rajista nan gaba ya gurɓata. Manhajar ba ta da kuskure ko ɗaya da na'ura za ta kama. Abin da ya ɓace jimla biyu ce da ma'aikaciyar kati za ta iya rubutawa cikin minti ɗaya, da an ba ta wurin da za ta rubuta ba tare da ta koyi zaurancen injiniyoyi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na san injiniyoyi suna da al'adar rubuta dalilan manyan shawarwarinsu su ajiye a Git, kuma al'ada ce mai kyau. Sai dai ma'aikaciyar kati ba za ta buɗe Git ba har ta yi ritaya, haka manajan reshen banki, haka magatakardar jami'a. Wiki ne kaɗai daga cikin kayan aikin nan aka gina bisa tunanin cewa duk wanda ya ga gyara ya yi shi nan take, ba sai ya nemi izini ba. Idan aka ɗinka shi daidai jikin injiniya, an toshe wannan baiwa tasa a daidai wurin da aka fi buƙatarta, aka kuma tura shi gasa a filin da Git ta riga ta cinye.

Masana kasuwanci za su ce wanda ya nufi kowa bai nufi kowa ba, kuma taura biyu ba ta taunuwa. Na yarda, shi ya sa ban ce a nufi kowa ba. Wanda nake cewa a nufa sananne ne: ma'aikatar da injiniyoyi ke cikinta amma su ne 'yan tsiraru, wato banki da asibiti da jami'a da kamfanin sadarwa da hukumar gwamnati, inda mutum biyar ke rubuta manhaja, ɗari biyar ke aiki da ita. A can ma'aunin nasara shi ne ko wanda ba injiniya ba zai iya rubutu. Shi injiniya abin da yake buƙata daga wikin kaɗan ne: ya karɓi Markdown idan ya rubuta, ya nuno bayanan da ke cikin Git kai tsaye ba tare da an kwafo su sun zama biyu ba, ya haɗu da rajistar ƙorafe-ƙorafe. A ba shi waɗannan a matsayin ƙofar gefe. Game da Wikispaces kuwa, darasin da na gani a mutuwarsa shi ne wahalar riƙe ɗimbin masu amfani da ba sa biya, wanda ciwo ne da ke kama kowane irin kamfani. Notion, wanda ya fito a 2016 da edita irin na kowa da kowa, yana kuma karɓar alamomin Markdown ga mai so, ya sanar a 2024 cewa masu amfani da shi sun kai miliyan 100. Kasuwar tana nan.

Akwai ƙananan abubuwa da wanda ya auna rigar a jikin injiniya ba zai taɓa gani ba. Injiniya yana zaune gaban babban allo da madannai, ma'aikacin da nake magana a kansa kuwa sau da yawa waya ce a hannunsa. Sai batun nema, wanda ya shafe mu kai tsaye. Bahaushe ɗaya zai rubuta ƙasa da lanƙwasa, wani ya rubuta kasa saboda madannansa ba su da baƙin, wani ya rubuta k'asa. Manhajar da ta ɗauki waɗannan a matsayin kalmomi uku da ba su san juna ba za ta ɓoye maka kashi biyu cikin uku na abin da kake nema. Wadda kuma ta haɗe su ido rufe za ta cakuɗa ƙasa da ake takawa da kasa ta gazawa da kasa macijiya. Maganin wannan yana buƙatar a zauna da masu harshen, kuma ba za a zauna da su ba idan tun farko ba su ne abokan cinikin ba. Haka nan kowane shafi yana buƙatar mai shi da sunansa, da ranar da aka tabbatar da shi na ƙarshe, a fili inda kowa zai gani.

Wannan na ƙarshe ya ƙara muhimmanci tun daga ƙarshen 2022 da manhajojin ƙirƙirarriyar basira suka yaɗu, kamfanoni suka fara jona su da rumbunan bayanansu don su riƙa amsa tambayoyin ma'aikata. Irin wannan manhaja tana iya karanta rubutun manhaja ta bayyana yadda yake aiki, wanda ya ƙara rage buƙatar injiniya ga wiki. Abin da ba za ta iya ba shi ne ta san dalilin da ba a taɓa rubutawa ba. Idan kuma ta tarar da tsohon shafi da ya daina zama gaskiya, za ta karanto maka shi da cikakkiyar natsuwa kamar yau aka rubuta.

Ga shugabannin ma'aikatunmu da ake kawo wa irin waɗannan manhajoji talla, akwai tambayar da ta wajaba kafin a sa hannu: idan muka tashi tafiya, ta yaya za mu kwashe rubutunmu, kuma a wace siga? A watan Fabrairun 2024 Atlassian ya daina tallafa wa nau'in Server na manhajojinsa, wanda ƙananan ma'aikatu ke girkawa a kwamfutocinsu, ya bar musu zaɓin komawa ma'ajiyarsa ta intanet ko sayen nau'in manyan kamfanoni mai tsada. Kayan aro ba ya rufe katara. Sannan a ranar gwaji, kada a bar shugaban sashen kwamfuta ya gwada shi kaɗai, domin shi komai aka kawo zai iya sarrafawa. A kira ma'aikaciyar rajista da ta fi kowa daɗewa a wurin, a miƙa mata manhajar a wayarta, a ce ta nemo shafin da ya shafi aikinta ta gyara jimla ɗaya da Hausa, da ƙ da ɗ da ɓ a ciki. Idan minti goma suka wuce tana neman wanda zai taimaka mata, a mayar wa mai kaya kayansa.